Kafin 'Yan Gwangwan Su Ɗora Ta a Sikeli: Farfaɗo da Tsohuwar Mota a Ƙasar Wurno, Rabah da Goronyo

Gabatarwa

A garuruwan gabashin Sakkwato, kamar Wurno da Achida da Rabah da Goronyo, ba abin mamaki ba ne a tarar da tsohuwar mota kwance a ƙofar wani gida ko a gindin dogonyaro kusa da garejin bakanike. Wata Fijo ce da tayoyinta suka nutse cikin rairayi, wata kuma akori-kura ce da kaji suka mayar akurki. Mai gidan yakan ce yana nan yana tara kuɗin tayar da ita. Shekaru kan shuɗe ana wannan magana har Allah Ya yi masa rasuwa, sai a zo rabon gado. Da yake mota ba ta rabuwa kamar gona ko hatsi, magada kan ga hanya mafi sauƙi ita ce a kira 'yan gwangwan su yanyanka ta, su auna ƙarfen, a raba kuɗin. Cikin yini guda ake gamawa.

A ƙasashen Turai da Amurka, farfaɗo da tsohuwar mota a gida sha'awa ce ta masu hali, mai ƙungiyoyinta da mujallunta da bukukuwan baje koli. Wannan ne ya sa manazarcin Hausa kan ɗauka cewa lamarin bai shafe shi ba. Kuskure ne. Motar da ta yi shekara talatin ko arba'in tana bin hanyoyin kwarin Rima ta zama shaidar tarihi, kuma aikin tayar da ita a tsakar gida yana fito da ilimin sana'a da kalmomin da babu wani ƙamus da ya tattara su gaba ɗaya. Ya kamata fagen nazarin Hausa ya ɗauke ta da irin muhimmancin da yake bai wa kayan doki da sassaƙa da ƙira, kuma ya yi hakan tun masu ilimin suna raye.

Matsayin Mota a Tarihin Yankin

Kowa ya san nauyin waɗannan garuruwa a tarihin Daular Usmaniyya. Wurno ribaɗi ne na Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a can ya rasu a 1837, a can kuma hubbarensa yake. A Rabah aka haifi Sir Ahmadu Bello, ya riƙe sarautar garin daga 1934 kafin a naɗa shi Sardauna a 1938. Tarihin ƙarni na 19 ya samu marubuta da yawa, haka ma na siyasar Jamhuriya ta Farko. Abin da bai samu kulawa ba shi ne yadda talakan yankin ya riƙa fita da kayansa zuwa kasuwa, da yadda ya koma gida.

Layin dogo bai taɓa isa birnin Sakkwato ba. Reshen da ya taso daga Zariya ya bi ta Gusau ya tsaya a Ƙaura Namoda a 1929. Ke nan duk abin da gabashin Sakkwato ya fitar, daga fatar jar akuya zuwa auduga da gyaɗa, sai da ya hau bayan raƙumi ko jaki, daga baya kuma ya hau mota, kafin ya riski jirgin ƙasa. A Kano da Zariya jirgi ne ya buɗe sabon zamanin fatauci. A nan mota ce ta yi wannan aiki ita kaɗai. Albasa da tafarnuwa da shinkafar fadamun Wurno da Goronyo a kan taya suka san kasuwannin Kudu. Lokacin da aka gina madatsar ruwan Goronyo a kan kogin Rima, wadda aka kammala a 1984, motoci ne suka kwaso injiniyoyi da leburori da siminti.

A wannan zamani kuwa Nijeriya tana harhaɗa motocinta a cikin gida. Kamfanin Peugeot ya fara aiki a Kaduna a 1975, Volkswagen yana Legas, Leyland yana Ibadan, Steyr yana Bauchi, ana haɗa manyan motocin Fiat a Kano, na Marsandi kuma a Inugu. Fijo 504, wadda ta fara fitowa a Faransa a 1968, ta zama motar gwamnati da ta haya a lokaci guda: ita ce ta kai alƙali kotu, ita ce ta kai mai naƙuda asibiti. An ci gaba da haɗa ta a Kaduna har cikin shekarun farko na ƙarni na 21, bayan an daɗe da daina yin ta a ƙasarta ta asali. Karyewar darajar naira bayan shirin gyaran tattalin arziki na 1986 ta durƙusar da yawancin waɗannan masana'antu, kasuwa ta koma hannun motocin da Turawa suka gama hawa, waɗanda ake kira 'yan Kwatano. Saboda haka Fijon da ke kwance a ƙofar gida a Rabah tana iya kasancewa ɗaya daga cikin abubuwa kaɗan da suka rage a garin masu shaida cewa an taɓa yin wani zamani da ma'aikacin Arewa ya ɗaure injin mota da hannunsa a Kaduna.

Abin da Aikin Ya Ƙunsa

Yanayin Sakkwato yana da nasa tasiri a kan motar da aka ajiye. Damina gajera ce, iska kuma busasshiya, don haka tsatsa ba ta cin bodi kamar yadda take yi a Legas ko Fatakwal. Rana ce babbar abokiyar gaba: tana busar da duk wata roba, ta farfasa kujeru, ta ƙone fenti. Ƙurar hunturu tana shiga kowace kafa, ɓeraye kuma su gwaguye wayoyi. Sakamakon haka shi ne, sau da yawa ƙashin motar yana nan da ƙarfinsa, abin da ya lalace shi ne ƙananan kayan da za a iya sauyawa.

Gogaggen bakanike ba ya fara aiki da murza makulli. Yakan cire fulogi ya zuba baƙin mai ko kananzir a cikin silinda, ya bar shi kwanaki, sannan ya gwada juya injin da hannu don ya ji ko fistin ya kama. Daga nan a sauke tanki a wanke, a buɗe kafireto a busa ƙofofinsa, a duba lagireto, a sake robobin birki, a bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya. Injin fetur na 504 silinda huɗu gare shi, kuma hannayen rigar silindar suna cirewa, wato ana iya zare wanda ya cinye a sa sabo ba tare da an jefar da kaskon injin ba. Babu kwamfuta a cikinta. Mutum mai sifana da sukudireba da kunne mai kyau zai iya gano ciwonta ya kuma yi mata magani a inuwar bango.

Wannan kunne shi ne abin da ke ƙarewa. Motocin yanzu na'ura ake jona musu ta faɗi abin da ke damunsu, kuma mafi yawan lokaci maganin shi ne a cire abu a sa wani. Tsohon bakanike kuwa ya koyi bambanta ƙarar mitil da ta bawul, ya san daidaita wuta da sauraro, ya san yanka gasket daga kwali idan babu na kanti. Yaran da suke koyon sana'a yau ba su da dalilin koyon waɗannan abubuwa, domin motocin da ke buƙatarsu sun bar hanya. Idan aka tayar da mota guda a gida, dole a nemo tsohon, dole kuma ya yi aikin a gaban yara. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai in an san inda aka ajiye ta.

Taskar Kalmomi

Ga masanin harshe, garejin bakanike ɗakin gwaji ne na aron kalmomi. A nan ake ganin yadda Hausa ke raba cunkoson baƙaƙe da wasali, kamar a birki da fulogi da kuloci da sifirin. A nan ake ganin musayar sauti irin ta lagireto. A nan kuma ake ganin kalma ta gajarce ko ta miƙe, kamar salansa da sitiyari. Akwai kuma waɗanda Bahaushe ya ƙirƙira da kansa, irin su akori-kura da karen mota da baƙin mai. Ya ba mota ƙafa da kai da gindi, ya ce ta tashi, ta mutu, tana tari, tana shan mai, injinta ya buga. Daga gareji wasu kalmomin suka fita zuwa maganar yau da kullum, har ake cewa wane ba shi da birki, ko a kira mataimakin da ba a ba shi aiki safaya taya.

Ƙamusun Bargery ya fito a 1934, lokacin da mota baƙuwa ce a mafi yawan ƙasar Hausa. Ƙamusun da suka biyo baya, har zuwa Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006, sun ɗauki kalmomin mota da suka zama ruwan dare, amma ƙamus na gama-gari ba zai iya shiga cikin inji ya jero sunan kowane ƙarfe ba. Ƙari a kan haka, yankin da ake magana a kai yana da abubuwa biyu da suka keɓanta da shi. Na farko karin harshen Sakkwatanci, wanda ke sarrafa baƙuwar kalma da nasa tsarin sauti, kamar yadda fitila ke komawa hitila. Na biyu kusanci da Jamhuriyar Nijar, inda bakaniken Ƙonni da Maraɗi ya karɓi sunayen kayan aikinsa daga Faransanci. Inda direbobi da kayan gyara suke tsallaka iyaka shekara da shekaru, akwai kyakkyawan zaton a samu ƙarfe ɗaya mai suna biyu. Wannan fage ne na bincike da ke jiran mai shiga, kuma ba a iya yin sa a ɗakin karatu. Sai an zare ƙarfen an riƙe a hannu an tambayi mai sana'a sunansa.

Adabin baka ma ya daɗe da sanin darajar wannan duniya. Waƙar Karen Mota ta Ɗanmaraya Jos da waƙoƙin da Mamman Shata ya yi wa direbobi sun shiga kundayen digiri da yawa, haka ma rubuce-rubucen hikima na jikin manyan motoci. Abin lura shi ne an nazarci waƙar an bar motar da aka yi waƙar a kanta ta tafi wurin masu narka ƙarfe.

Gyaran da Ke Share Tarihi

A nan ne ya kamata a yi hattara da kwaikwayon Turawa ido rufe. Burin mafi yawan masu wannan sha'awa a can shi ne a mayar da mota kamar ranar da ta fito daga masana'anta, a cire duk abin da wani ya ƙara mata. Idan aka bi wannan ma'auni a Goronyo, za a yi gyaran gangar Abzinawa. Sifirin da aka ƙara don ta ɗauki buhunan albasa, da kariyar ƙarfe da maƙeri ya yi mata a sama, da waldar da aka yi wa shasi bayan ta karye a hanyar da ba kwalta, da abin daidaita zafin injin da aka cire saboda tsoron zafin bazara, da addu'a ko karin maganar da aka rubuta a bayanta, su ne suka mayar da ita motar ƙasar Sakkwato. Wanda ya kankare su ya samu Fijo irin wadda ke cike da gidajen tarihin Faransa, ya kuma rasa wadda babu irinta a ko'ina.

Ko a Turai ra'ayi ya fara karkata zuwa nan. Ƙungiyar duniya ta masu tsofaffin motoci, FIVA, wadda ke ɗaukar motar da ta kai shekara 30 a matsayin ta tarihi, ta fitar da Yarjejeniyar Turin da ta fara aiki a 2013, kuma ta amince cewa sauye-sauyen da mota ta samu a tsawon rayuwar aikinta suna cikin tarihinta. A Kuba, motocin Amurka na shekarun 1950 sun rayu ne saboda takunkumin ciniki ya tilasta wa makanikai ƙirƙirar kayan gyara da dasa injinan wasu motoci, kuma wannan dabara ce duniya ke zuwa kallo a Habana. A gida Nijeriya, Marsandin da aka kashe Janar Murtala Muhammad a cikinta ranar 13 ga Fabrairu, 1976 tana ajiye a Gidan Tarihi na Ƙasa da ke Legas da ramukan harsasanta. Babu mai hankalin da zai ce a cike ramukan a yi mata sabon fenti. Tabon lodin albasa bai kai tabon harsashi girgiza zuciya ba, amma ƙa'idar ɗaya ce: a gyara abin da zai sa mota ta tashi ta kuma tsaya lafiya, a bar abin da ke ba da labarinta.

Hujjojin Masu Suka

Hujja mafi ƙarfi ita ce ta halin da yankin ke ciki. Gabashin Sakkwato ya sha fama da 'yan bindiga. Harin kasuwar Goronyo na watan Oktoban 2021 kaɗai ya ci rayuka fiye da 40, ƙauyuka da dama a Rabah da maƙwabtanta sun watse, kuma tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayun 2023 ko motar da ke da lafiya ta gagari masu ita. Mai suka zai ce maganar tsohuwar mota a irin wannan hali rashin ta ido ne. Akwai gaskiya a ciki, kuma babu wanda zai zargi magajin da ya sayar da ƙarfe don ya sayi hatsi. Sai dai wannan hali shi ne ke hanzarta asarar. Inda mutane ke gudun hijira, abin da ba ya ɗaukuwa shi ake fara rasawa, tsofaffin da suka san labari kuma su warwatsu a garuruwan da ba a san su ba. Jira har zaman lafiya ya dawo yana nufin a dawo a tarar babu motar, babu mai ba da labarinta. Kuma mafi yawan abin da ake nema daga manazarci, wato ɗaukar hoto da murya da rubuta sunaye, bai fi kuɗin binciken digiri na biyu ba.

Hujja ta biyu ita ce mota baƙuwa ce, ba ta cikin al'adun Hausawa. Idan asali ne ma'auni, to, takarda da bindiga da agogo da keken ɗinki duk baƙi ne, goro ma daga Gwanja aka riƙa kawo shi. Abin da ke mayar da abu na al'umma shi ne ta raɗa masa suna, ta gina sana'a a kansa, ta yi masa waƙa da karin magana. Mota ta cika waɗannan sharuɗɗa tun da daɗewa.

Hujja ta uku ta shafi haɗari da hayaƙi. Wannan gaskiya ce da ba a musunta: motar shekarun 1970 ba ta da kariyar ta yanzu, kuma bai dace a mayar da ita haya tana jigilar fasinja tsakanin Sakkwato da Sabon Birni ba. Motar da aka farfaɗo don tarihi ba a ɗora mata wannan nauyi. Ya wadatar ta tashi, a zagaya da ita lokaci-lokaci, ɗalibai su buɗe ta su gani.

Kammalawa

Dokar da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa a 1979 ta sanya shekarar 1918 a matsayin ma'auni ga kayan sana'ar hannu da ake kira na tarihi. Motar da aka haɗa a Kaduna a shekarun 1970 ba ta da wata kariya a ƙarƙashin irin wannan ma'auni, don haka nauyin ya koma kan jami'o'i da iyalai. Sashen Harsunan Nijeriya na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, tare da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu, suna iya fara rajistar tsofaffin motocin da suka rage a waɗannan ƙananan hukumomi uku: irin motar, shekararta, lambar shasi, hannayen da ta bi, hanyoyin da ta yi aiki, da gyare-gyaren da aka yi mata. Ana iya ba ɗalibi aikin zama da bakanike guda daga ranar da aka buɗe inji har ranar da ya tashi, ya fito da jerin kalmomi masu alamar karin sauti da tsawon wasali, kowace da hoton abin da take nufi. Gidan Arewa da ke Kaduna, wanda ya taso daga gidan ɗan Rabah, wuri ne da ya dace a ajiye kwafin irin wannan taska.

Ba lallai ne a kwashe motocin zuwa birni ba. Motar da aka raba da gidanta takan zama ƙarfe mai ɗauke da ɗan allo. Wadda ta zauna a inda ta yi aiki tana da maƙwabtan da suka hau ta zuwa biki da jana'iza. Shari'ar gado ma ba ta tilasta a yanka ta: ana iya yi mata ƙima, magaji ɗaya ya ɗauke ta a cikin rabonsa ko ya biya sauran haƙƙinsu. Abin da ake buƙata shi ne wani ya gaya wa iyalin, tun kafin ranar rabo, cewa abin da ke ƙofar gidansu ya fi nauyin da sikeli zai nuna. Malamin jami'a yana cikin mutanen da ake jin maganarsu a Wurno da Rabah da Goronyo, kuma har yanzu bai faɗi wannan magana ba.